Kowane Gari Ya Zo da Iskarsa

Idan ana zancen mutanen da Allah ya hore wa baki ya rage musu hannu, to a Kazaure da Jalaluddeen ake farawa. Masinja ne da ya yi ritaya daga wani ofis, amma in ka ji shi a majalisa yana ba da labarin zamanin aikinsa, sai ka rantse shi ne yake sa hannu a takardun da yake kaiwa. Ko sunansa ba ya yarda a gutsura. Duk wanda ya kuskura ya ce masa Jalalu, sai ya tsayar da shi a rana ya koya masa sauran.

Gidansa kuwa ba bakin nan ne ke riƙe da shi ba, injin niƙa ne. Wani tsohon inji ne mai shan fetur da matarsa Zaituna ta gada wurin mahaifiyarta, yana ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ne makarantar 'yarsu Sadiyya. Zaituna kan goge shi da safe kafin ta wanke fuskarta. Tun da aka cire tallafin mai, injin ya zama baƙon da ya fi mai gida ci, abin da ya samo da hantsi shi yake shanyewa da la'asar. Duk da haka dai yana juyawa, tukunya kuma tana hawa murhu.

Ana cikin haka tsohon ogan Jalaluddeen ya tuna da shi, ya tafi da shi Dutse ya riƙe masa jaka a wani taro da aka yi kan makamashi, har da baƙi daga ƙasashe maƙwabta. Kujerarsa tana can baya, kusa da teburin lemo. Tsakanin gyangyaɗi da gyangyaɗi kunnensa ya tsinto masa cewa dole maƙwabta su haɗa kai su rage dogaro da fetur, kuma wai ana samun iskar gas daga kashin shanu har ta tayar da inji. Bai ji yadda ake yi ba, domin a daidai wurin aka fara raba abinci. Ya dawo gida da hular taro da wani kati rataye a wuya, wanda ko masallaci da shi yake zuwa.

Washegari ya sauka a majalisar gindin darbejiya, ya gyara zaman katin a ƙirji.

"Jama'a, fetur ya mutu," in ji shi. "Ni na halarci jana'izarsa."

Kawu, ƙanin mahaifiyar Zaituna, dattijon da ba ya ɗaga murya kuma ba ya barin ta kwana, ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma jiya na gan shi a kwalba a bakin titi, har ya ƙara tsada."

"Kawu, ranka ya daɗe, abin na ilimi ne. A taron da muka yi mun cimma matsaya."

"Ku da wa?"

"Ni da sauran ƙasashe. To na ce me zai hana mu fara daga gida? Zan haɗa kan ƙasashe huɗu: Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Kowa ya kawo abin da yake da shi, mu yi sallama da fetur."

Wani ya ce, "Gwiwar ce ƙasa?"

"In ba ƙasa ba ce, a sama take?"

Aka yi dariya, shi kuma ya ɗauka tafi ne. Ya ce zai shirya bikin gwaji a ƙofar gidansa, a gaban wakilan ƙasashen, ya tayar da inji ba ɗigon mai. Da aka tambaye shi wane inji, sai ya yi kamar bai ji ba, domin inji ɗaya ne a duk danginsa, kuma ba nasa ba ne.

Zaituna tana tankaɗe ya kawo mata maganar. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ajiye rariya.

"Baban Sadiyya, ka taɓa hura wutar murhu ta kama?"

"Wannan aikin mata ne. Ni ƙwaƙwalwa nake aiki da ita."

"To ka haɗa tiyon da ƙwaƙwalwar taka, ka bar mini injina. Rediyon gidan nan da ka ce za ka gyara, yau ina take?"

"Rediyon dama ajalinta ya zo."

"Haka ne. Kai ne dai aka aiko."

Da ya ga ba ta nan, sai ya bi ta kan Kawu. Ya yi ta zarya, ya yi ta rantsuwa, har dattijon ya gaji ya tako gidan da kansa. Zaituna ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, ka san injin nan. Inna ta bar mini shi, kuma ba mu da wata madogara sai Allah sai shi. In ya tsaya, wa zai niƙa wa mutane hatsinsu? Me za mu ci?"

Jalaluddeen ya bugi ƙirji har katin ya yi tsalle. "Kawu, ka zama shaida. In injin nan ya tsaya ta dalilina, ni zan zama injin. Duk tsabar da aka kawo gidan nan, da hannuna zan niƙa ta har ranar da ya tashi."

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa?" in ji Kawu.

"Na ji, kuma na maimaita."

Zaituna ta dubi kawunta, kunyarsa ta hana ta cewa a'a. Ta ce na yini ɗaya kawai, ta shige ɗaki zuciyarta ba daɗi.

Aiki ya kankama. Jalaluddeen ya samo wani tsohon duro, ya bi kasuwar shanu da buhu yana kwasar abin da shanu suka bari, ya zuba a duron ya dama da ruwa. Ya huda murfin wuri biyu. Tiyo ɗaya ya kai shi ga wani ƙaton tif na tayar tarakta, inda iskar za ta taru. Ɗayan, wanda zai je inji, ya zura shi har gindin duron, domin a lissafinsa iska mai kauri a ƙasa take kwanciya, kamar gayan fura. Ya toshe bakinsa da famfo, ya zauna jiran ilimi ya nuna.

Ilimi bai nuna a tif ba, amma ya nuna a hanci. Kafin mako ya zagayo, unguwa ta san ana bincike. Masu alwala a ƙofar masallaci suka kwashe butocinsu suka koma ɗaya gefen. Ƙudajen da ba a taɓa gani ba suka zo daga nesa, da alama su ne wakilan farko da suka amsa gayyata. Mairo maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga da mayafi a hanci.

"Malam Jalalu, wani abu ne ya mutu a gidanku?"

"Jalaluddeen. Kuma fetur ne ya mutu."

"To don Allah a binne shi."

Da ya ga tif ɗin yana nan kwance shame-shame, sai ya yanke cewa abin yana buƙatar ƙarin ƙarfi. Ya zuba kanwa. Ya zuba ruwan tsamiya. Ya saci daddawar Zaituna ya jefa, yana cewa duk abin da ya tayar da miya zai tayar da inji. Warin ya sami ƙarin girma, tif bai motsa ba. Ya ce ai iska ba ta son a zuba mata ido, ya hau acaɓa ya tafi gayyatar ƙasashe.

A nan ne ya yi wata dabara da shi kaɗai ya san amfaninta. Ya ga mutumin da ya zauna ɗaki ɗaya da baƙin ƙasashen waje bai kamata a ji kalmar kashi a bakinsa ba. Iskar gas ma ya ga ta yi tsawo, ya lura masana ba sa faɗin magana duka. Saboda haka ya ƙudura cewa duk inda ya je, iska kawai zai ce, mai hankali ya gane sauran.

A Babura ya sauka wurin Mele, wani Babarbare da ke sayar da fetur a kwalba da jarka a hanyar kan iyaka, yana karɓar naira yana karɓar sefa, kuma shi ne bakin 'yan kasuwar layin. Mele ya ba shi benci da ruwan sanyi, ya saurari yadda za a kashe masa sana'a cikin natsuwa.

"Madalla, Injiniya," in ji Mele. Wannan suna ya shiga kan Jalaluddeen kamar turare. "To mu mutanen Babura me za mu kawo?"

"Iska."

"Wace iri?"

"Haba Alhaji Mele, kamar ba ɗan kasuwa ba. Iskar da ake tarawa a tif, ta kumbura shi."

"Au, wannan? Ai muna da mai ita, duk layin nan ba wanda ya kai shi. Har daga tsallake ake zuwa wurinsa."

Jalaluddeen ya ji daɗi, ya kuma ɗan ji haushi da wani ya riga shi. Ya ce a zo da shi, zai duba aikinsa ya gyara masa kurakurai.

A Gwiwa sai da ya bi gonaki kafin ya sami Hamma, wani Bafulatani mai garke, yana jingine da sanda. Suka gaisa, gaisuwar da ta tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya. Jalaluddeen ya dubi tulin abin da yake nema a ƙarƙashin ƙafafun shanun, ya kau da kai, ya ce, "Hamma, iskar shanu nake so ku kawo mana Kazaure."

Hamma ya dube shi sama da ƙasa. "Iskar shanu? Kai ka san da ita?"

"Ni da na yi taro a kanta?"

"To wallahi Allah ne ya kawo ka. Muna da ita, mai ƙarfi ma. Ta hana mu sakat. Amma za ka iya da ita?"

"Ka kawo ta duka. Iya ƙarfinta, iya amfaninta."

Hamma ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, har ya ba shi ƙwaryar nono.

A Roni bai daɗe ba, domin ɗan acaɓan ya fara ƙorafin mai. Ya tsaya a tasha, ya sami Sama'ilu shugaban 'yan acaɓa, ya ce a tattaro masa duk wanda ya san harkar iska a garin. Sama'ilu ya danne dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, a wannan fannin muna da ƙwararru." Man da Jalaluddeen ya ƙona a yawon shelar rabuwa da mai, da ya riƙe injin Zaituna har bayan salla.

Ranar biki ta zo. Tun da hantsi aka jera kujerun haya, aka kafa lasifika, aka tayar mata da janareta, domin ko jana'izar fetur ce sai an ji sanarwa. Kawu ya zo cikin farar babbar riga ya zauna a gaba a matsayin babban baƙo. Mata suka cika zaure suna leƙe. Jalaluddeen ya cire tankin man injin a gaban jama'a, ya ɗaga shi sama kamar kan kura, ya ajiye gefe, ya ɗaura tiyon duro a gurbinsa. Mairo, don a ga gaskiyar abin, ta ba da geronta aka juye a bakin injin. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. Tif yana nan yadda yake, kamar tabarmar da aka manta a tsakar gida.

Tawagar Roni ce ta fara isowa. Mashina biyar ko shida suka tsaya da ƙara, kowanne ɗauke da samari uku, wando a gindin ɗuwawu, wani da tozali, wani da usur a baki. Sama'ilu ya sauka ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ga su. Duk Roni ba wanda ya kai su sanin harkar iska. Mutanen gari ma sun ce a yi maka godiya, yau za su yi barcin rana."

Jalaluddeen ya buɗe baki, ya ga idon Kawu a kansa, ya rufe. "Haka na tsara," in ji shi. "Matasa su ne ƙashin bayan makamashi."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga a-kori-kura daga Babura. Mele ya diro, bayansa wani mai faci da injin ba taya iska, ƙato, baƙi ƙirin da baƙin mai. Mele ya sauke jarka guda ya ajiye kusa da shi.

"Wannan fa?" in ji Jalaluddeen.

"Abincinsa ne. Ba ya ba da iska sai ya sha. Na ma yi maka ragi, tunda harkar haɗin kai ce."

"Haka na tsara," ya sake cewa, amma a hankali.

Can sai aka ga mutane suna darewa daga bakin layi. Hamma ne da 'yan'uwansa biyu, kowa riƙe da igiya, suna fama da wani bijimi ja mai ƙaho kamar reshen gawo, idonsa jawur, yana huci yana tonon ƙasa.

"Injiniya, ga ta nan na kawo maka duka," in ji Hamma yana haki. "Tun yana maraƙi iskar ta shige shi. Mun yi turare, mun yi rubutu, a banza. Jiya ma ya kori surukina har kan bishiya. In ka cire ta, ka riƙe, ba ma so a dawo mana da ita."

Wannan karon ko "haka na tsara" ba ta fito ba. Kawu ya jingina da kujera ya ce, "To, Jalaluddeen, kowane gari ya zo da iskarsa. Saura ta Kazaure."

Mai baki ba ya rasa mafaka. Jalaluddeen ya kama lasifika ya shiga jawabi. Ya yi maraba da ƙasashe, ya la'anci fetur da kakanninsa, ya ce nan da baɗi gidajen mai za su koma wurin ajiye awaki. Yana cikin haka mai facin Babura, wanda ba jawabi ya kawo shi ba, ya hangi tif a kwance. Mutum ne mai kishin sana'a, ba ya iya ganin tif a saɓule ya wuce. Ya ja injinsa, ya ɗaura, ya tayar. Tif ya yi miƙa, ya tashi zaune, ya fara kumbura.

Jama'a suka ɗauki sowa. Yaran baya da ba sa ganin mai faci suka hau ihu, "Ta taru! Ta taru!" Jalaluddeen ya waiwaya, ya ga komai sarai, ya san iskar nan ba tasa ba ce. Amma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa tafi irin wannan ba. Ya rufe lasifika da tafin hannu, ya sunkuya wurin Mele ya ce, "A ƙara."

Aka ƙara. Tif ya yi tim, ya fi ƙarfin kansa, iskar ta bi tiyo ta koma cikin duro. Duron ya fara wani gurnani daga ciki, gefensa yana ɗan bankarewa.

"Baban Sadiyya," Zaituna ta kira daga zaure, "duron nan kuka yake."

"Ba kuka ba ne, amsawa yake. Ki koma ciki, wannan wurin masana ne."

A can gefe kuma ƙwararrun Roni sun gaji da zama. Suka kewaye bijimin Hamma suna busa usur, ɗaya ya tuɓe riga yana cewa shi jikan mahauta ne, yau sai ya yi hawan ƙaho. Hamma yana roƙonsu da Hausa yana zaginsu da Fillanci. Bijimin, da ƙarar injin faci ta riga ta hau masa kai, ya fara ja da baya yana sunkuyar da ƙaho.

Jalaluddeen ya naɗe hannun riga. "Jama'a, ku buɗe ido. Yau za ku ga abin da jikokinku za su karanta a makaranta." Ya murɗa famfon tiyo, ya kama igiyar inji ya fizga.

Tiyon nan da ya zura har gindin duro ya yi aikinsa da gaskiya. Ya ɗebo abin da ke kwance a ƙasa, mai kaurin, da kanwarsa da daddawarsa, iskar Babura na tura shi daga baya, ya ɗura wa injin Zaituna har wuya. Injin ya yi tari sau biyu kamar tsohon da kunu ya sarƙe. Salansar injin ta yi amai kore. Tiyon ya fizge daga gurbinsa ya shiga rawa, ya fara da geron Mairo, ya bi layin gaba na manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya ba son kai.

A daidai nan igiyar bijimi ta tsinke. Jikan mahauta, da ya ga abin da gaske ne, ya tuna ashe ta wajen uwa ne dangantakar, ya haye katangar Mairo. Bijimin ya duba fili ya ga ba abin da ya kai girmansa sai duron da ke gurnani. Ya ɗauka abokin karo ne ya kira shi. Ya sunkuya ya zuba a guje.

Ƙarar da aka ji, mutanen kan dutse sun ce sun ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Murfin duro ya tashi sama, abin da ya yi makonni yana nuna a ciki ya bi shi, ya tsaya kaɗan kamar yana zaɓen inda zai sauka, sannan ya sauko a kan ƙasashe huɗu daidai wa daida. Ba a taɓa raba wani abu a yankin nan da adalci irin wannan ba.

Wuri ya yi tsit, sai janareta da injin faci da ke ta aikinsu da fetur lafiya lau. Bijimin ya tsaya a tsakiyar fili, ya girgiza kai, ya yi atishawa, sannan ya taka a hankali ya koma gefen Hamma ya tsaya kamar tunkiya.

Hamma ya share fuska ya dube shi da mamaki. "Wallahi ta fita! Injiniya, Allah ya biya ka."

Kawu ya miƙe. Farar rigar nan ta koma kalar gonar damina. Ya sa yatsa ya share gemu, ya dubi yatsan, ya ce, "Rigar nan ba zan wanke ta ba. Gona zan kai ta in shimfiɗa, bana na huta da sayen taki."

"Ƙaramar matsala ce ta fasaha," in ji Jalaluddeen, wani abu yana ɗiga daga hular taro. "A ƙasashen da suka ci gaba ma..."

"Ranka ya daɗe, kafin ka ci gaba," Sama'ilu ya katse shi, "tunda ƙasashe sun hallara, kada a watse ba a cimma matsaya ba. Ina ba da shawara a naɗa ka Sarkin Iska na ƙasashe huɗu."

"Babura ta amince," in ji Mele, yana matse hularsa.

"Gwiwa ma," in ji Hamma, shi kuma har zuciyarsa.

Mairo ta leƙo daga zaure, ta dubi geronta, ta ce Kazaure ta amince tun kafin a tambaye ta. Aka ɗauki kabbara da sowa. Haɗin kan da Jalaluddeen ya yi ta yawo yana nema ya samu, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi.

Da jama'a suka watse neman ruwa da sabulu, ya juya zai shiga gida, sai ya ga Zaituna a ƙarƙashin rumfa. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta durƙusa gaban injin, ta cire ɗankwalinta tana goge shi a hankali, tana bin kowane lungu kamar yadda take yi kullum da safe, hawaye na zuba. Jalaluddeen ya tsaya da lasifika a hannu. Ya lalubi magana a duk inda yake ajiye ta, bai samu ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi, ya cire katin taron daga wuya ya sa a aljihu.

Makanike ya zo ya duba, ya toshe hanci, ya ce sai an kwance injin gaba ɗaya, kuma kayan sai an aiko daga Kano. Yaushe? Ya ce sai dai a yi ta addu'a.

Washegari da sassafe Kawu ya yi sallama. Bai zo shi kaɗai ba, ya sa an ɗauko masa tsohon dutsen niƙa daga bayan rumbunsa, wanda rabon da a taɓa shi tun zamanin kakar Zaituna. Aka girke shi ƙarƙashin rumfa, daidai inda injin yake zama.

"Na zo sauke shaida," in ji Kawu.

"Kawu, ai maganar nan salon magana ce."

"Ka ce ka ji, kuma ka maimaita."

Haka Sarkin Iska ya durƙusa, ya kama ɗan dutse da hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jaka ba. Labari ya zaga gari, mata suka yi layi da ƙore, har da waɗanda ke da garin tuwo a gida. Geron Mairo aka fara da shi, sabo, wanda ya fito daga rumbun Jalaluddeen. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya ƙage, gumi ya jiƙa hular taro. Amma bakin nan, da ya huta na yini guda, ya dawo aiki.

"Ku dai ku shaida," yake ce wa matan, yana turawa yana haki, "duk ƙasashe huɗun nan, gidan nan ne na farko da ya rabu da fetur. Abin da na faɗa ya tabbata ko bai tabbata ba?"

Zaituna ta fito da kofin kunu ta dire a gabansa. "Ga mai, a sha a ci gaba. Akwai dawar gidan liman a baya."

Wata tsohuwa da ta zo daga nesa da ƙwaryarta ta leƙa ta dube shi, ta dubi Zaituna. "'Yar nan, wannan ne sabon injin da ake faɗa? Yana da kyau kuwa?"

"Ba laifi, Iya," in ji Zaituna, tana juye mata dawa a gaban dutsen. "Ba ya shan fetur, kunu ya ishe shi. Salansarsa ce dai a fashe tun ranar da na same shi."